Ɗanyen Mai Suna Ya Tara

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ake yawan yi a majalisu, tun daga Fagge inda gidanmu yake har cikin kasuwar Sabon Gari. Tambayar ita ce: yaya ƙasar da take da arzikin mai za ta riƙa sayo ɗanyen mai daga waje? Wasu su ce sakaci ne, wasu su ce cuwa-cuwa ce. Sha'anin manya sai manya, amma wani ɓangare na amsar yana cikin ilmin kimiyya, shi nake so in bayyana gwargwadon abin da muka koya.

Da farko dai, ɗanyen mai suna ya tara. Tun da aka gano shi a Oloibiri cikin 1956 ake haƙo shi a wurare da dama a ƙasar nan, kuma na kowane wuri da halinsa. A cikin ganga ɗaya, wato lita 159, akwai dubban sinadarai a cakuɗe. Aikin matata shi ne ta rarrabe su. Ana dafa man har zafinsa ya kai wajen digiri 350, tururin ya hau wata doguwar hasumiya. Mai sauƙi ya haye can sama, daga shi ake yin fetur. Kananzir ya tsaya ƙasa da shi, sannan man dizal. Abin da ya ƙi tashi ya kwanta a gindi, daga shi ake samun man juye na injin mota, da kakin kyandir, da kwalta.

To, mai ƙuli-ƙuli ba ta sayen gyaɗa sai ta ɓare ta murza a yatsa, don ta san yawan man da tiya za ta ba ta. Haka masu matata suke yi, sai dai nasu gwajin a ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma yakan ɗauki kwanaki.

Abu na farko da suke aunawa shi ne nauyi. Suna da wani ma'auni da ake kira API, wanda ruwa yake kan lamba 10. Gwargwadon sauƙin mai, gwargwadon hawan lambarsa. Wanda ya haura 31 mai sauƙi ne, wanda ya gaza 22 kuwa mai nauyi ne. Namu na Bonny yana wajen 35.

Na biyu, farar wuta, irin wadda 'yan koli suke sayarwa. Idan ta yi yawa sai ta ci ƙarfen matata, hayaƙinta kuma ya cuci huhu. Man da farar wutarsa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, 'yan kasuwa suna ce masa mai zaƙi, wanda ya wuce haka mai tsami. Yawancin namu mai zaƙi ne, shi ya sa yake da daraja a kasuwar duniya.

Na uku shi ne uban tafiyar. Sai a zuba 'yan litoci a ƙaramar tukunya mai hasumiya, a riƙa ƙara wuta a hankali, ana rubuta yawan abin da ya tsiyayo a kowane matakin zafi. Daga nan a zana layi a takarda. Wannan layi shi zai gaya wa injiniya kashi nawa na gangar zai tafi fetur, nawa kananzir, nawa ne zai kwanta. Ana kuma duba gishiri da ruwa da tsami da ƙarafan da ke ciki.

Bayan gwaji sai lissafi. Babu mai hankalin da zai ɗura sabon mai a matatar da ta ci maƙudan kuɗi don kawai ya ga abin da zai faru. Saboda haka ake gina kwatankwacin matatar a cikin kwamfuta. Da yake sinadaran sun fi gaban ƙirga, sai a kasa su rukuni-rukuni bisa zafin da kowanne yake tafasa, kamar yadda ake kasa mu aji-aji, a ɗauki kowane rukuni tamkar abu guda. Kwamfutar ta lissafa wutar da tanderu zai ci, da abin da zai fito ta kowane bututu, da inda hasumiya za ta cushe. Amma fa ita kwamfuta abin da aka ba ta shi take juyawa. In gwajin ya tsufa, ko an ɗebo samfurin da ganganci, amsarta za ta fito tsaf a takarda, alhali kuwa shirme ce.

Yanzu mu dawo kan tambayarmu. An buɗe matatar Kaduna cikin 1980, kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, don ta tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ƙara zuwa 110,000. Sashe biyu aka yi mata. Na ɗaya domin man gida, wanda ake turowa ta bututu daga Escravos ta Warri, tafiyar sama da kilomita 600. Na biyu domin man juye da kaki da kwalta. Gwaji ya nuna abin da yake kwantawa daga man gida ba shi da yawa, kuma ba irin wanda ke ba da man juye mai inganci ba ne. Don haka aka tsara sashen a kan man waje, irin na Benezuwela da Kuwait da Saudiyya. Rashin gyara da ya sa matatar ta shafe shekaru a tsaye wata magana ce daban, amma sayo wancan mai yana cikin tsarinta tun ran gini.

Haka matatar Dangote da ke Lekki a Legas, wadda aka gina don ganga 650,000 a rana. Man farko da ta karɓa cikin Disambar 2023 na Agbami ne, mai sauƙi ƙwarai, cikin 2024 kuma ta sayo na Amurka. Dalilan ciniki suna ciki, amma kowane iri ya zo sai an san halinsa kafin a gauraya shi da wani.

Kada wani ya ce ina ruwanmu. Makanikin Fagge ya san injin da aka zuba wa man juye maras kyau ba ya ƙarko. Uwar da ta aiki yaro sayen kananzir a Sabon Gari kuwa, ran 'ya'yanta ta ɗora a kan kwalbar. Kananzir na ƙwarai tururinsa ba ya kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38, shi kuwa fetur ko a tsakiyar hunturu kamawa yake. Idan fetur ya shiga kananzir, ko a matata ko a hannun 'yan algus, sai fitila ko risho ya yi bindiga. Awo ne kaɗai yake tona wannan, ido ba ya gani.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce mu daina gudun darasin kimiyya da lissafi. Ma'aunin zafi da kwalbar gwajin da muke riƙewa a makaranta, da irinsu ake fara wannan babban aiki, kuma ƙasar nan tana bukatar 'ya'yanta da za su san abin da ke cikin gangarta. Iyaye kuma a taimaka mana da ƙarfafa gwiwa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.