Kalmar Shuka a Bakin Turawa

A cikin Turanci akwai wata 'yar gajeriyar kalma mai haruffa uku, *sow*. Ana furta ta kamar a ce "so". Ma'anarta ta asali ita ce shuka, watau zuba iri a ƙasa domin ya tsiro. Manomin Ingila yakan shuka alkama wajen watan Oktoba, sha'ir kuwa galibi wajen watan Maris. Duk wannan aiki *sow* ake ce masa. Sai dai mai koyo ya lura, kada ya rikita ta da *sew*. Furucinsu ɗaya ne, amma ita *sew* ɗinki take nufi.

A zamanin da, Turawa da hannu suke yafa iri, kamar yadda ake yafa shinkafa a fadama. A shekarar 1701 wani manomin Ingila mai suna Jethro Tull ya ƙago injin da ke zuba iri layi-layi. Shi yafi da hannu kuwa *broadcast* suke ce masa. Da rediyo ya fito wajen 1920, sai aka ari wannan suna aka ba watsa labarai, domin magana na bazuwa ko'ina kamar irin da aka yafa.

Ita ma *sow* ba a gona kaɗai ta tsaya ba. Idan mutum ya sa wa jama'a shakka, Turawa sukan ce ya shuka shakka, da Turanci *sow doubt*. Idan ya haɗa aminai faɗa, sai su ce ya shuka husuma, watau *sow discord*. Sukan kuma ce malami ya shuka son karatu a zukatan almajiransa.

Me ya sa aka kwatanta waɗannan abubuwa da shuka? Dalili shi ne, iri ƙanƙane ne, yana ɓuya a ƙasa, ba a ganin aikinsa sai bayan kwanaki. Sa'an nan ƙwayar gero guda takan fid da zangarniya mai ɗimbin ƙwayoyi. Haka magana take. Yaro ya raɗa wa abokinsa cewa wane ne ya sace fensir, alhali bai gani ba. Ran nan ba abin da zai faru. Amma kafin mako ya zagayo, duk aji an daina wasa da wanda aka zarga, shi kuwa mai raɗar ba shi da ikon tsince abin da ya yafa.

Hausawa ma suna da irin wannan azanci. Sukan ce wane ya shuka tsiya, ko wance ta shuka alheri. Turawa da Hausawa duk sun yarda da magana guda: abin da mutum ya shuka, shi zai girba. Saboda haka yaro mai hankali yakan zaɓi maganarsa kamar yadda manomi ke zaɓen iri tun kafin ruwa ya sauka.