BIT, KISHIYAR RAKE: KO ZAI KARƁI ƘASARMU?

Duk wanda aka tambaya a ƙasar Hausa daga ina sukari ya ke fitowa, sai ya ce daga rake. Gaskiya ne, amma rake yana da kishiya. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na sukarin duniya daga wani tsiro a ke samunsa wanda Turawa ke kira bit, Larabawan Masar kuwa su ce banjar. Saiwarsa fara ce mai kauri, kamar ƙaton karas, kuma kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta sukari ne. Da ya ke ana yabonsa da jure wa ƙasa mai gishiri da ƙarancin ruwa, ya kamata malamai da akawuna, waɗanda manoma kan nemi shawararsu, su san inda yabon nan ya tsaya.

Asalinsa

Kakan bit wani haki ne na bakin teku, daga nan ya gaji jure wa gishiri. A 1747 wani Bajamushe, Andreas Marggraf, ya gano sukarinsa daidai ya ke da na rake. Almajirinsa Franz Achard ya kafa ma'aikata ta farko a Silesiya a farkon ƙarni na 19. Sa'an nan a 1811, da yaƙi da Ingila ya tare hanyar sukarin rake, Napoleon ya ba da umurni a noma shi a Faransa.

Yadda gishiri ke kashe gona

Kowane ruwan ƙorama ko na rijiya yana ɗauke da ɗan gishiri. In an yi ban ruwa, rana ta shanye ruwan, gishirin kuwa ya zauna. Shekara bisa shekara sai a ga fari-fari a kan kunya, abin da manoma ke cewa kanwa ta fito. Daga nan saiwa ba ta iya zuƙo ruwa, shuka ta yi yaushi alhali ƙasa tana da danshi. An sami rahoton irin wannan ɓarna a wasu filayen Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga ta 1974, da na Bakolori ta 1978, musamman inda magudanan ruwa suka toshe.

A 1977 masana biyu na Amurka, Maas da Hoffman, suka jera amfanin gona bisa ga ƙarfin jurewarsu. A ma'auninsu, rake da masara kan fara raguwa daga 1.7, shinkafa daga 3, alkama daga 6, bit kuwa sai an kai 7. Wajen ruwa ma akwai rata. Rake na bukatar inci 60 zuwa 100 cikin wajen shekara guda, bit kuwa inci 22 zuwa 30 sun ishe shi cikin wata shida ko bakwai.

Abin da Masar ta yi

Masar ba ta da damina irin tamu, da Kogin Nilu ta dogara, kuma ƙasar arewacinta kusa da teku tana da gishiri. Saboda haka a 1978 aka kafa kamfanin Delta Sugar, aka gina ma'aikata a lardin Kafr el-Sheikh. A can ana shuka bit da shigowar sanyi, a cire shi kafin zafi ya tsananta. A 'yan shekarun nan sukarin bit ya fi na rake yawa a ƙasar.

Amma noman yana da ƙa'idodi. Jaririn bit ba shi da ƙarfin babba, watau lokacin tsiro ne gishiri ya fi yi masa illa, don haka ruwa mafi kyau shi a ke ba shi a makonnin farko. In saiwa ta nutsa sai a riƙa tsawaita tsakanin ban ruwa. Saura mako biyu zuwa huɗu a cire, sai a yanke ruwan, sukari ya taru. Takin zamani mai sa ganye, in ya yi yawa, yakan rage zaƙi.

To, mu fa?

A Kazage da sauran ƙasar Birnin Gwari ruwan sama ya fi inci 40 a shekara, shi ke wanke gonakin tudu kowace damina. Ashe ciwon da bit ke magani bai zama ciwon wannan ƙasa ba. Ban da haka akwai cikas biyu. Na farko, bit ɗan sanyi ne. Hunturunmu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, a Maris zafi ya kankama, zafin dare kuwa yana cinye sukarin da saiwa ta tara. An fito da iri mai jure zafi, an gwada shi a Indiya da Sudan, amma gwaji aikin gonar bincike ne irin ta Samaru, ba na mai gona ɗaya ba.

Na biyu ya fi nauyi. Mai rake yana iya kai shi kasuwa a sha, ko ya matse shi ya dafa mazarƙwaila kamar yadda a ke yi a ƙasar Maƙarfi da Kudan. Bit kuwa ba a shansa haka nan. Sai an yayyanka shi, an jiƙa cikin ruwan zafi, an tace da farar ƙasa a babbar ma'aikata, kuma in an cire shi ba ya jimawa cikin zafi. Ma'aikatun sukarin ƙasar nan, irin na Bacita da Numan da Sunti, don rake aka gina su. Wanda ya noma bit ba mai saye, abincin shanu ya noma. Mutanen da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu shekara da shekaru, har zuwa sulhun ƙarshen 2024, ba su da jarin da za su yi caca da shi.

Darasin da za a ɗauka shi ne na kiyaye fadama, domin noman rani da injin ban ruwa yana iya kawo kanwa ko a ƙasa mai damina. Kada a cika wa fage ruwa fiye da bukata. A yashe magudanai domin ruwan da ya wanke ƙasa ya sami mafita. A zuba takin gida, a rufe gindin shuka da ciyawa don rage ƙonewar danshi. Wanda ya ga fari-fari ya soma bayyana, ya kai ƙasar ga malamin gona a auna tun da wuri. Malaman makaranta kuwa suna iya nuna wa yara wannan: a zuba ruwan rijiya a baƙin faranti a bar shi a rana, su ga abin da zai rage. Masar ta koma ga bit ne domin gishiri ya riga ya kama ƙasarta. Mu da Allah ya ba damina, rigakafi ya fi mana magani.