Daga Majigi Zuwa Nunin Tafi-da-Gidanka: Wayar da Kan Jama'a Kan Muhalli a Ƙasar Dukku

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kan wannan hikima aka gina dabarar nunin tafi-da-gidanka, wato ɗaukar hotuna da fina-finai da kayayyakin gwaji a mota ana bi da su gari-gari domin ilimantar da jama'a a inda suke zaune. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana tarihin wannan dabara a Arewacin Nijeriya, sannan ta nuna yadda za ta yi amfani wajen fahimtar da jama'a matsalolin muhallinsu. An ɗauki ƙasar Dukku a matsayin misali. Dukkun da ake nufi ita ce ta ƙaramar hukumar Rijau cikin masarautar Kontagora a Jihar Neja, domin akwai wata Dukku a Jihar Gombe. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, irin wannan nuni yana cin nasara ne gwargwadon yadda ya yi magana da harshen mutanen wuri, ya kuma nuna musu abubuwan da suka sani a gonakinsu da gidajensu.

2.0 Majigi a Ƙasar Hausa

Nunin tafi-da-gidanka ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Tun a ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in tsafta Bature mai suna William Sellers ya fara amfani da fim a Legas don yi wa jama'a bayanin yadda ɓeraye ke yaɗa annoba. Daga baya ya riƙa zagaya ƙasa da mota mai ɗauke da injin wuta da na'urar haska fim. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai don ƙasashen da take mulka, ta kuma ɗora shi a kan shugabancinsa. Sashen ya yi aiki har zuwa 1955. Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da wannan aiki daga Kaduna, kafin samun mulkin kai da bayansa.

Hausawa sun kira wannan abu majigi, kalmar da aka aro daga sunan Ingilishi na tsohuwar fitilar haska hotuna a bango. Akan kafa farin allo da dare a ƙofar fada ko a filin kasuwa, jama'a su taru su kalla kyauta. Akan nuna fina-finan tsafta da kiwon lafiya da noman auduga da gyaɗa da yaƙi da jahilci, a haɗa da labaran rangadin shugabanni. Akwai kuma mai sharhi, wanda ke bayani da Hausa ta lasifika yayin da hoto ke tafiya. Masani Brian Larkin ya yi nazarin wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Majigi ya bar darussa guda uku. Na farko, mai sharhi shi ne ran nunin, domin abin da ya faɗa shi jama'a ke komawa gida da shi. Na biyu, magana ta kasance daga sama zuwa ƙasa kawai: hukuma na faɗa, talaka na sauraro, mota kuma ta tashi da safe ba tare da an ji ta bakinsa ba. Na uku, da yake a fili ake yin sa da dare, matan da ke cikin kulle ba su cika samun halarta ba.

3.0 Ƙasar Dukku da Matsalolin Muhallinta

Dukku tana arewa maso yammacin Jihar Neja, kusa da iyakar Jihar Kebbi. Mazauna yankin sun haɗa da Dukkawa da Kambari da Fulani da Hausawa. Masana harsuna na sanya harshen Dukkawa cikin rukunin harsunan Kainji, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da hulɗa tsakanin ƙabilu. Yawancin jama'a manoma ne da makiyaya, saboda haka duk abin da ya taɓa ƙasa da ruwa da itace ya taɓa abincinsu kai tsaye.

Matsala ta farko ita ce sare itatuwa don itacen girki da gawayi. Jihar Neja na cikin jihohin da suka fi arzikin kaɗanya a Nijeriya, kuma mata ne suka fi cin moriyarta ta hanyar man kaɗe, kamar yadda suke samun daddawa daga kalwar ɗorawa. Kaɗanya takan kai shekara 15 kafin ta fara ba da 'ya'ya sosai, amma a yini guda ake kayar da ita. Matsala ta biyu ita ce ƙunar daji da rani, wadda ke hallaka ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara, ruwan farkon damina ya kwashe ta.

Matsala ta uku, wadda ta riga ta ci rayuka a maƙwabta, ita ce gubar dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda wannan guba. Yaran da suka rasu sun kai aƙalla 400. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi cikin Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Sanadin iri ɗaya ne: masu haƙar zinariya na kawo dutse cikin gari, a daka shi a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar da ke ɗauke da dalma ta bazu a tsakar gida, yara masu rarrafe su kai ta baki. Da yake haƙar zinariya ta gargajiya ta yaɗu a sassa da dama na Neja da Kebbi da Zamfara, kuma matasa na zuwa ci-rani wuraren haƙar, ya kamata mutanen Dukku su san wannan haɗari tun bai ƙwanƙwasa ƙofa ba.

4.0 Yadda Nunin Zai Kasance

Fifikon nuni a kan jawabi shi ne mutum yana gani da idonsa, yana taɓawa da hannunsa. Alal misali, ana iya kawo faranti biyu cike da ƙasa, ɗaya da ciyawa ɗaya babu, a jingine su a karkace, a zuba musu ruwa daidai wa daida. Ruwan da ya gangaro daga faranti maras ciyawa zai fito jajir da laka, na ɗayan kuwa kaɗan ne kuma da ɗan haske. Manomin da ya ga haka ba ya bukatar dogon bayani kan zaizayar ƙasa. Haka nan ana iya dafa tukunya biyu, ɗaya a murhun duwatsu uku, ɗaya a murhun laka mai tsimin itace, mata su auna itacen da kowanne ya ci.

Game da dalma, abin da za a nuna shi ne hanyar da ƙura ke bi daga ramin haƙa zuwa bakin yaro, da matakan datse ta: a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, a jiƙa shi kafin a niƙa, kada a yi amfani da turmin abinci, mai aikin ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Tun da a cikin gida haɗarin yake, wajibi ne a sami mata masu bayani da za su shiga gidaje da ƙananan hotuna, domin a gyara kuskuren majigi.

Ranar kasuwa ita ce ta fi dacewa da nunin, domin tana tara mutanen ƙauyuka ba tare da gayyata ba, kuma rana ta fi dare aminci saboda matsalar 'yan bindiga da ta addabi wasu sassan jihar a 'yan shekarun nan. Wasu ƙasashe sun yi irin wannan aiki da girma. A Indiya, jirgin ƙasa mai suna Science Express, wanda ya fara zagaya ƙasar a 2007, ya keɓe zagayensa na 2012 zuwa 2014 ga halittun ƙasar da hanyoyin kare su. A ƙasar Dukku mota ɗaya da 'yan babura sun wadatar.

5.0 Matsalar Harshe

A nan ne aikin masana harshe yake. Kalmar muhalli daga Larabci take, kuma a bakin mutanen karkara ma'anarta wurin zama. Kafofin watsa labarai ne suka faɗaɗa ta har ta ƙunshi ƙasa da ruwa da iska da tsirrai. Idan mai bayani ya ce a kare muhalli, mai sauraro na iya ɗauka gyaran gida ake nufi. Amma idan ya ce fadama ta ƙafe, gona ta zama faƙo, kwazazzabo ya ci hanya, kowa ya gane. Saboda haka ya fi kyau a fara da kalmomin da manomi ke amfani da su, sannan a kai shi ga sababbi irin su sauyin yanayi da gurɓatar ruwa.

Bugu da ƙari, jin Hausar ciniki dabam yake da fahimtar bayanin cuta da ita, musamman ga tsofaffi da matan da harshensu na gida Dukkanci ne ko Kambarci ko Fulatanci. Don haka kowane nuni na bukatar masu bayani 'yan ƙasa. Su ne suka san sunan kowane itace da kowane rafi, su ne kuma za su iya tattara abin da dattawa suka sani game da dazuzzukan da aka hana sara a da, a mayar da shi wani sashe na nunin. Ta haka mai kallo zai zama mai ba da gudummawa.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa nunin tafi-da-gidanka yana da tushe a Arewa tun zamanin majigi, kuma rauninsa a wancan lokaci shi ne rashin sauraron jama'a da rashin kaiwa ga mata. Ta kuma kawo matsaloli uku da suka shafi ƙasar Dukku, da hanyoyin nuna su a aikace. Abin da ya rage shi ne sassan nazarin harsuna na jami'o'i su haɗa kai da hukumomin muhalli da na lafiya da masarautar Kontagora wajen tattara kalmomin muhalli na Hausa da Dukkanci da Kambarci, a kuma horar da masu bayani daga cikin 'yan ƙasa kafin mota ta kama hanya.