BINDIGAR ISKA: ARAHA BA TA ADO

In kaka ta yi, ɓeraye da kurciyoyi suna yi ma manomi ɓarna a gona da gindin rumbu. Shi ya sa wasu ke sayen bindigar iska. To, wace ta kamata mutum shi saya, mai araha ko mai tsada?

Bindigar iska ba ta cin albarushi. A cikinta akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe. In an lanƙwasa bututun bindiga, ƙarfen sai shi matse. In an ja kunama, sai shi tura iska da ƙarfi, iskar ta fid da ƙwayar dalma. Ƙwayar da aka fi samu iri biyu ce: mai milimita 4,5 da mai milimita 5,5.

Masu araha galibi daga ƙasar Sin suke zuwa. Suna harbi, amma sau da yawa ƙusoshinsu kan saki, fata ko robar da ke tare iska kan lalace da wuri. Masu tsada, kamar Diana ta ƙasar Jamus, wadda aka kafa gidanta a 1890, ƙarfensu ya fi kyau. In an kula da su, uba yana bar ma ɗansa.

Amma tsada kaɗai ba ta isa ba. Bindiga mai tsada da ba a samun kayan gyaranta, sanda ce. Kafin mutum shi ba da kuɗin hatsinsa, shi tambayi mai saidawa: in ƙarfen ya karye, ina ake samun wani? Wanda ya sayi mai araha sau ukku, ya biya kuɗin mai kyau bai sani ba.

Abu huɗu ke kashe bindiga, ko wace iri ce: harba ta ba ƙwaya ciki, barin ta ɗane ta kwana, zuba mata man mota wurin iska, da ƙurar hunturu. A goge ta, a naɗe ta cikin tsumma.

A tuna: garken jan baki ya fi ƙarfin bindiga, sai a sanar da ma'aikatan gona. Farauta kuma tana da doka, sai a tambayi ma'aikatan gandun daji. A ɓoye bindiga nesa da yara. Ƙwaya guda tana fid da ido, ido kuwa ba a saida shi kasuwa.