Pinyon delko: ɗan ƙarfen da ke kwantar da motar kasuwa

Duk wanda ke cin kasuwar Tawa ta ranar Lahadi ya san tsofaffin motocin da ke shigowa tun da asuba daga Barmu, Afala, Takanamat da Tabalak, niƙi-niƙi da buhunan hatsi, albasa, kifi da bisashe. Da yawansu sun girmi direbobinsu. Amma su ne ƙafar ɗan kasuwa, ran da ɗaya ta kwanta a daji kuwa, mai kaya ne farkon kuka.

Na ga hakan da idona wata rana da nake dawowa daga aikin rediyo ta hanyar Tabalak. Motarmu ta yi tari sau biyu, ta mutu. Cikin fasinja har da wata baiwar Allah mai kwandunan ɗanyen kifi. Tun hantsi muke zaune har la'asar, kifin ya soma wari, uwar kuɗinta ta tafi. Da makanike ya zo ya zaro delko, sai ya nuna muna wani ɗan ƙarfe mai haƙora da bai kai girman ƙwan kaza ba, ya ce ga mai laifin. Sabo ne fil, sati uku da sa shi.

Delko shi ke raba wuta zuwa ga buji a cikin tsohon inji mai aiki da isansi. Sunan ya samo asali daga kamfanin Delco na Amurka, wanda Charles Kettering da abokinsa sunka kafa a 1909. Motocin gazuwal ba su da shi, sababbin motoci ma sun bar shi. Amma Land Cruiser mai inji 2F ko 3F, tsohuwar Land Rover, da Peugeot 504 wadda anka yi ta harhaɗawa a Kaduna, duk da delko suke tafiya.

Delko ba ya juya kansa. Cikin inji akwai wata doguwar sanda mai buɗe bawul tana rufewa, makanikanmu na ce mata arbarakam, na Najeriya su ce kamshaf. A jikinta akwai haƙora, su ke cizon haƙoran ɗan ƙarfen nan da ake kira pinyo, shi kuma ya juya delko. A injunan da munka ambata, wannan haɗin ne kuma ke juya famfon baƙin mai. Ke nan wuta da mai duk a kansa sunka rataya.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfe biyu in suna gugar juna dare da rana, dole ɗaya ya ci ɗaya. Pinyo araha gare shi, cire shi aikin ɗan lokaci ne. Haƙoran arbarakam kuwa a jikin sandar anka sassaƙa su, in sun cinye sai a buɗe inji a canja sandar baki ɗaya. Don haka ƙa'ida ita ce kada pinyo ya fi sandar tauri.

Tsofaffin injunanmu galibi sandarsu ta ƙarfen zubi ce, wanda ake kira fonti, kuma pinyon fonti ne abokin zamanta. In anka sa mata pinyon ƙarfe mai tsananin tauri, irin wanda wani ya sassaƙa a injin turu daga guntun ƙarfen da ya samu, to zai gaigaye ta kamar gara. Abin da ya sami motarmu ke nan. Sandar da anka yi da ƙarfe mai tauri, irin ta wasu injunan Amurka tun daga shekarun 1980, ita ce ke son pinyo mai tauri wanda masana'anta ta yi domin ta. Pinyon fonti ba ya daɗewa a kanta. Akwai kuma pinyon tagulla. Shi mai laushi ne, da gangan anka yi shi don ya cinye ya bar sandar lafiya, amma sai ana duba shi a kai a kai, abin da motar da ke kwana kan hanya ba ta cika samu ba.

Ɓarnar ba ta tsaya ga haƙora. Garin ƙarfen da ke zuba yana bin baƙin mai, ya zaga inji, ya kankare kusine. Alamomin farko su ne mota ta rage ƙarfi, ta riƙa harbi a salansa, a gyara wuta yau gobe ta gauce. In an yi juyen mai, a duba shi a rana: ƙyalƙyalin ƙarfe ko na tagulla gargaɗi ne.

To me ya shafi mai sayar da albasa? Da yawa cikinku ku ke da motocin, ko ku ke ba da kuɗin gyara. In za a sayo delko ko pinyo, a Tawa ne, a Ƙonni ko Sakkwato, a tafi da tsohon. A ƙirga haƙora, a gwada faɗin rami, a tambayi lambar inji, ba sunan mota kaɗai ba, don mota da yawa an canja musu inji. A dubi launi: tagulla ja-ja ce kuma maganaɗisu ba ya kama ta, fonti toka-toka ne mai ɗan kaushi. Kafin a sa sabo, makanike ya haska fitila cikin ramin delko ya ga haƙoran sandar. In sun yi kaifi kamar wuƙa, sabon pinyo ba zai yi rai ba. A shafa masa maiƙo kafin a zura. Lokacin hunturu kuma direba ya bar inji ya ɗumama, domin mai in ya yi kauri yana ƙara wa haƙoran nauyi.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Ke Hajiya, kai Alhaji, tambaya ɗaya a bakin shago, "wane irin ƙarfe ne?", tana iya tsare jarin shekara. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu da riba.