Majigin Gida: Tsoho Ko Sabo?

Yau maganarmu a kan majigi ce, irin wanda maigida kan kafa a ɗaki domin iyalinsa su kalli sinima.

Tsohon samfuri, watau CRT, idanu uku gare shi: ja, da kore, da shuɗi. Bayan kowane ido akwai kwalbar gilashi mai zana hoto, irin wadda Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙago a 1897. Tilas a daidaita hotunan nan uku su faɗi wuri guda bisa allo, in kuwa aka kuskure, sai ka ga fuskar mutum da jan gefe. Ga kuma nauyi: Sony G90 ya haura kilo 100.

To, me ya sa waɗansu ke ƙaunarsa har yanzu? Saboda baƙinsa ne. Idan dare ya yi cikin fim, kwalaben sai su rage haske ƙwarai, allo ya yi baƙi ƙirin.

Sabon majigi kuwa, irin DLP, wanda Larry Hornbeck ya ƙago a Amurka a 1987, madubai ƙanana ke cikinsa, wani ma fiye da miliyan 2, suna karkata hasken fitila zuwa allo. Fitilar ba ta mutuwa lokacin kallo, shi ya sa baƙinsa kan yi toka-toka. Amma ya fi haske, yaro ma ya ɗauke shi.

An daina ƙera CRT, kwalbarsa in ta lalace samun wata sai an sha wuya. Shawararmu ita ce a sayi sabo, sa'an nan a rataya labule masu kauri a tagogi.