Hutun Iyali A Tsibirin Morishus

Yau filin namu zai ƙetare teku zuwa wani tsibiri da ake kira Morishus, inda muka yi mako guda ni da maigida da yara a dogon hutun makaranta. Ku 'yan mata ku ɗauko taswira, ku nemi Madagaska a Tekun Indiya, sa'an nan ku duba gabas da ita. Ɗan ɗigon nan da za ku gani shi ne. Tsawonsa wajen kilomita 65, faɗinsa kuwa 45, mutanensa sun ɗara miliyan ɗaya.

Babu jirgin sama da ke zuwa can kai tsaye daga Kano, sai an canza a hanya, kamar a Nairobi ko Dubai. Agogonsu ya riga namu da awa 3. Suna kuma tuƙi ta hannun hagu, yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972, saboda haka ki riƙe hannun yaro da kyau wajen ƙetare titi, don idonsa ya saba duba wancan gefen.

Uwargida, tun wajen haɗa kaya ki san cewa lokutansu sun saɓa da namu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne suke zafi da ruwan sama, a nan ne kuma guguwar teku kan auka musu. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa sanyi suke yi. Wato hutun Agusta ya faɗo a tsakiyar sanyinsu, don haka kada ki ce bakin teku za a je ki bar rigunan sanyi a gida, balle idan za ku hau garuruwan tudu irin su Curepipe. A wannan lokaci gefen gabas yana da iska ƙwarai, mai ƙananan yara gara ta sauka arewa ko yamma.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato ruwa. Yawancin yaranmu ba su iya iyo ba, mu iyayen ma haka. Abin da ya sa bakin tekun Morishus ke da daɗi shi ne wata katanga ta duwatsun murjani da ta kewaye mafi yawan tsibirin daga cikin ruwa. Igiyar teku a kanta take karyewa, sai ruwan da ke tsakaninta da gaɓa ya kwanta luf, garai-garai har kina ganin ƙafarki. Haka yake a Trou aux Biches da Flic en Flac. Amma a kudu, a wani wuri da ake kira Gris Gris, katangar ta yanke, igiya tana dukan dutse da ƙarfinta. Can kallo kawai ake yi daga sama, ba a shiga. Ko a inda ruwan ya kwanta, yaro kan nutse a ruwan da bai kai ƙugunki ba, ba tare da ya yi ko ihu ba. Kada ki danƙa ƙanne a hannun yayarsu 'yar shekara goma ki juya kina hira. Ku yi magana da maigida tun kafin a fita, a san wanda idonsa ke kan yara, in ya gaji ya faɗa a karɓe shi. Ki saya musu takalman roba kuma, domin akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale jikin duwatsu.

Abinci bai zama wahala ba. Akwai Musulmi da dama, babban masallacin Juma'a na Port Louis ma tun wajen 1850 aka fara gina shi. A bakin titi ana sayar da gato pima, wanda da kin gan shi za ki ce ƙosai ne, da dal puri, wani lallausan fanke mai faɗi da ake cusa wa niƙaƙƙen wake a naɗe da miya. Nama dai ki tambaya kafin ki ci, don gari ne na addinai da yawa. A ganina mai iyali ta fi samun sauƙi in an kama gida mai ɗakin girki maimakon otel, amma fa a raba aikin, kada a ce an tafi hutu alhali tukunya kawai uwargida ta canza.

Sai duwatsu. Wanda ya fi tsawo a tsibirin mita 828 ne, amma wanda ba na so ku 'yan makaranta ku manta shi ne Le Morne, mai mita 556, tsaye a bakin teku a kudu maso yamma. Faransawa sun karɓi tsibirin a 1715, suka kawo bayi daga Madagaska da gabashin Afirka don noman rake. Bayin da suka gudu kan hau wannan dutse su ɓuya a kogunansa, saboda hawansa da wuya. Ingilishi suka ƙwace tsibirin a 1810, aka hana bauta a 1835. Mutanen wurin suna ba da labari cewa da aka aika jami'ai su gaya wa na kan dutse sun sami 'yanci, sai suka zaci kama su aka zo yi, suka yi ta faɗowa daga sama, suka zaɓi mutuwa a kan komawa bauta. Kowace ranar 1 ga Fabrairu hutu ce a ƙasar don tunawa da hana bautar, kuma a 2008 UNESCO ta sa dutsen cikin wuraren tarihi na duniya. Ƙarshen hawansa ba na ƙananan yara ba ne. Ku tsaya da su a gindinsa ku ba su labarin.

Idan da sauran rana, a Port Louis akwai gidan tarihi inda yara za su ga ƙasusuwan dodo. Ba dodon tatsuniya ba, wani ƙaton tsuntsu ne marar tashi da ba a taɓa samu ko'ina ba sai nan, wanda ya ƙare ƙaƙaf tun kafin shekarar 1700.

Sai mun sake saduwa.